Askin da Aka Yi wa Littafin Kakana a Malesiya

Abin da na fara gani a jami'ar da na ƙetare teku dominta shi ne ma'aikata biyu a kan tsani suna ɓamɓare sunan sashen da na zo karatu. Ina tsaye da jaka a kafaɗa, zufa ta jiƙa mini riga, ina kallon haruffan Sashen Ilmin Ɗakin Karatu suna faɗawa ɗaya bayan ɗaya cikin bokitin roba. Na tambayi ɗayansu ko sashen tashi ya yi. Ya ce a'a, suna nan, suna kawai aka sauya, yanzu Sashen Sarrafa Bayanai da Fasahar Zamani ake ce musu. Na yi masa godiya na shige ciki. Da ina da wayo, da daga nan na nemi hanyar filin jirgi.

Ni Umaru ne, haifaffen Kebbe. Shekara goma sha ɗaya na yi ina kula da ɗakin karatun wata makarantar sakandare a Tambuwal, ina kaɗe ƙurar littattafai ina faɗa da gara, kafin a ba ni hutun ƙaro ilmi. Wani dillalin makarantu a Sakkwato ne ya nuna mini ƙasidar wannan jami'a ta Malesiya, mai sheƙi da hotunan ɗalibai suna dariya ba dalili. Layi ɗaya ne ya ja ni a cikinta: suna da kwas na zango biyu a kan yadda ake adana littattafan da aka rubuta da hannu, da yadda ake yi musu bayani a katalogi. Bai gaya mini cewa ƙasidar ta tsufa ba, ni kuma ban tambaya ba.

Dalilin da wannan layi ya ja ni yana cikin jakar da ke kafaɗata. Littafin kakana ne na wajen uwa, Malam Sambo na Fakku, wanda ya yi noma da kiwo da karatu duk a rayuwa ɗaya. Warƙa ɗari da arba'in da biyu ce, da ajami, Hausa da ɗan Fillanci, kuma duk a kan shanu: ciwonsu, maganinsu, ciyawar da ke kashe su da wadda ke gina su, da inda ake samun ruwa idan rani ya yi tsawo. Ba ɗinkakke ba ne. Warƙoƙi ne a sake tsakanin bango biyu na fata, a ɗaure da igiya, a cikin gafaka, kuma babu lamba ko ɗaya a jikinsu. Abin da ke riƙe da jerinsu kalma ɗaya ce tak da kakana ke rubutawa can ƙasan kowace warƙa a kusurwa, wadda ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. A gidanmu ja-gaba ake ce mata, ban san ko haka malamai ke kiranta ba. A gefunan kuma akwai gyare-gyaren da ya yi da ya tsufa, da siririn alƙalami, inda ya gwada magani ya ga ma'aunin da ya rubuta da ƙuruciya ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

Littafin yana hannun Kawu Mode, yayan mahaifiyata. Sai da na yi masa zarya uku a kan babur kafin ya yarda ya ba ni.

"Mi za ka yi da shi can wurin mutanen da ba su da shanu?" in ji shi.

Na ce, "Kawu, koyo za ni yi yadda a ka adana irinai, don ya kai ga jikoki."

"Shekara nawa shina nan ba a koya ba, kuma bai ɓace ba." Ya shafa gafakar. "To, ga shi. Amana ta. Yadda kaɗ ɗauke shi, hakanan ni ka son ka maido man shi."

Da wannan nauyi na shiga ofishin Dakta Azman, malamin da aka ba duba aikina. Mutum ne mai fara'a, gajere, mai agogon da ke ƙirga masa taku. Ya saurari bayanina da murmushi har na gama, sannan ya ce wancan kwas an cire shi tun bara, da shi da na katalogi da na tarihin littafi. An sabunta manhaja. Duniya ta wuce wurin, in ji shi, kuma babu mujallar da za ta buga bincike a kan tsofaffin takardu sai an haɗa shi da ƙirƙirarriyar basira. Na ce to su wa za su koya wa na'urar abin da ke cikin takardun idan mutane sun daina koyo? Ya yi dariya ya ce ina da barkwanci. Kafin in fita ya riga ya rubuta mini sabon taken bincike: amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen karanta rubutun gargajiya na Afirka. Sunan Fakku bai fito a ciki ba, balle na shanu.

A Hausarmu ta yanzu kalma ɗaya ce, manhaja, muke kiran tsarin karatu da ita, muke kuma kiran abin da ake sauke wa waya da ita. Da ina ganin rashin kalmomi ne ya jawo haka. A can na gane daidai ne, domin duk wata shida sai a sabunta ta ba tare da an tambaye ka ba, ka wayi gari abin da ka saba da shi ya ɓace.

Ɗaki ɗaya muka kama da wani Bakano, Sadik, wanda ya riga ni zuwa da shekara. Shi ya nuna mini inda ake sayar da shinkafar da ba a zuba mata sukari ba, domin mutanen nan har miyar kifi sai sun zaƙaƙa ta. Akwai kuma wani ɗan itace mai ƙaya da suke mutuwar so, wanda warinsa ya fi na masan tasha, suna ci suna lumshe ido. Ruwan sama kuwa kullum bayan azahar sai ya sauko, ba damina ba rani, har na riƙa jin haushinsa, ina tuna yadda muke ɗaga kai sama a Kebbe muna jiran ɗigo ɗaya. Na yi kewar fura. Na yi kewar muryar mahaifiyata tana faɗa da awaki. Har ramukan hanyar Kebbe na yi kewa, abin da ban taɓa zaton zai fito daga bakina ba.

Wata ranar Asabar da hantsi na tarar da Sadik zaune a ƙasa da tulin takardun tambayoyi da biro kala uku. Yana cika su da kansa, yana sauya biro yana sauya hannu.

"Mi ka ka yi hakan ga?" na tambaye shi.

"Bincike mana, Basakkwace. Ɗalibai ɗari uku nake tambaya ko sun san ƙirƙirarriyar basira, kuma ko suna amfani da ita."

"To ina ɗaliban?"

"Ga ni nan." Ya ɗaga jan biro. "Wannan mace ce 'yar aji biyu, ta sani amma ba ta amfani da ita saboda matsalar intanet. Kai dai ba ka waye ba. Duk ajinmu taken ɗaya ne, sunan makaranta kawai ake sauyawa. Bara kowa kafafen sada zumunta ya rubuta, bana wannan ake yayi, baɗi Allah kaɗai ya san me za a yi."

Na ce masa wannan ai ƙarya ce da hula. Ya ce to in je in gaya wa Dakta, wanda sunansa ne zai fara fitowa a saman maƙalar. Ban tsani Sadik ba, mutumin kirki ne, shi ya yi jinyata da na yi zazzaɓi. Amma ranar ban iya cin abinci tare da shi ba.

Mutum ɗaya na samu a jami'ar nan da ya san abin da ke cikin gafakata. Ina neman banɗaki ne a ƙasan ginin laburare na buɗe wata ƙofa bisa kuskure, sai ga akwatunan katin katalogi na katako an jibge su har rufi, a tsakiyarsu wani tsoho yana shan shayi. Pak Harun ake ce masa, Pak ɗin kamar Baba ne a wurinmu. Shi ne ya koyar da kwas ɗin da aka cire. Da aka sabunta manhaja ba a san inda za a kai shi ba, sai aka sauko da shi tare da akwatunan, yana jiran ranar ritaya.

Da na kwance masa littafin, sai ya tashi ya je ya wanke hannu ya goge, ya yi bisimilla, sannan ya taɓa. Wannan kaɗai ya sa na ji ƙwalla. Ya ɗaga warƙa ɗaya ya saita ta da hasken taga ya ce in matso. A cikin jikin takardar, inda ban taɓa dubawa ba, sai ga tambarin jinjirin wata guda uku a jere. Ya ce takardar daga Turai ta fito, ta ratso hamada a bayan raƙumi kafin ta kai hannun kakana. Ya nuna ja-gaba da ɗan yatsa ya yi murmushi, ya ce su ma tsofaffin littattafansu haka suke, da haruffan Larabci suke rubuta harshensu kamar mu. Bai iya Hausa ba, amma ya karanta mini layi biyu da lafazinsa, na kusa faɗuwa don dariya. Wata huɗu ina zuwa wurinsa duk ranar Laraba, yana koya mini auna warƙa da bayanin tawada da hannun marubuci, yana ba ni shayi da wani ƙosan ayaba. Babu maki a ciki, babu wanda ya san ina yi. Abin da na koya a ƙasar nan ke nan.

Ya gargaɗe ni sau ɗaya. Ya ce, "Umar, kada ka bari ya kwana a hannun wanda bai san shi ba."

A zango na uku aikin ya cije. Hotunan da na ɗauka da wayata na'urar ta kasa karanta su. Takan ɗauka Larabci ne, sai ta gyara wa kakana rubutu, inda ya ce saniya ta fito da wata kalmar da ba ta da ma'ana ko a Makka. Dakta Azman ya ce laifin hotuna ne, dole a kai littafin sashen ɗaukar hoto na jami'a, inda suke da manyan injuna. Na ce to zan tsaya a kai. Ya ce ɗalibai ba sa shiga, doka ce. Na ce a bari Pak Harun ya dawo, don lokacin yana asibiti an yi masa aikin ido. Ya ce idan ban kawo sakamako kafin ƙarshen wata ba, sai na ƙara zango, kuma na san hutuna ba zai kai ba.

A nan ne zan faɗi nawa laifin, domin ba na son in wanke kaina. An ba ni fom a ƙofar sashen. A ƙasansa akwai wani ɗan akwati da aka rubuta a gefensa, da Turanci, ko ana so a yi wa abin da aka kawo gyara. Na tsaya da biro a sama. A kaina gyara shi ne abin da nake yi wa littattafai a Tambuwal: ka kaɗe ƙura, ka miƙar da kusurwar da ta lanƙwashe, ka sa tsumma ka goge bango. Matashiyar da ke karɓar kaya ta ce Dakta ya ce a cika, zai ƙara wa kundina armashi a ce har an adana littafin. Ban tambaye ta me suke nufi da gyara ba. Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina koya wa yara su karanta abu kafin su sa hannu, na ja layi a akwatin na miƙa gafakar. Na ga ta ɗauke ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da kofin shayi mai ƙanƙara.

Mako uku suka yi da shi. Ranar da aka kira ni, matashiyar ta fito da fara'a, ta ajiye wani abu a gabana kamar mai kawo tukuici. Littafi ne mai baƙin bango mai tauri, irin na kundin digiri, da tambarin jami'a da ruwan zinare. A ƙasan tambarin an rubuta da Turanci: Rubutun Larabci, marubuci ba a san shi ba. Na ce mata ba nawa ba ne. Ta ce nawa ne, ga gafakar ma a leda.

Na buɗe. Hannun kakana ne. Sun ɗinke warƙoƙin sun shafe gindinsu da gam. Da yake gefunan sun cinye, wasu sun fi wasu tsawo, sai suka sa tulin gaba ɗaya a ƙarƙashin wuƙar inji suka daidaita shi ta gefe uku, santal, kamar an yanka sabulu. Ja-gaba ta tafi, tun daga warƙar farko har ta ƙarshe. Gyare-gyaren gefe kuwa, wani an bar rabin kalma, wani ɗigo kawai ya rage. Na karanta ƙarshen shafi ɗaya na juya, sai na ga maganar ba ta haɗu ba. Na sake gwada wani, haka. Sai a lokacin ta ce ai wata rana fanka ta watsar da takardun a ƙasa, amma sun tsince su duka, ba ko ɗaya da ta ɓata, ta ƙirga da kanta.

Na tambaye ta hotunan fa, kafin yankan aka ɗauka ko bayansa? Ta ce bayansa mana, injin ya fi son takarda mai gefe daidai. Na ce ina abin da aka yanke? Ta dube ni kamar na tambayi gashin da wanzami ya share makon jiya. Duk da haka na zaga bayan ginin na buɗe manyan kwandunan shara ina tonawa da hannuna, cikin ragowar shinkafa da robobin shayi, masu gadi suna kallona. Tun tuni mota ta kwashe.

Ban yi wa yarinyar faɗa ba. Digirinta a sashenmu ta yi, da sakamako mai kyau, kuma babu wanda ya taɓa nuna mata littafin hannu ko sau ɗaya. Ta iya abubuwa da kwamfuta da ni ban iya ba. Tsakani da Allah ta ɗauka alheri ta yi mini. Wurin Dakta Azman na nufa, na ajiye masa littafin a tebur, na yi bayani. Ya jujjuya shi, ya ce gaskiya abin bai yi daɗi ba. Sai ya ɗan yi tunani, fuskarsa ta washe.

"Amma ka san wannan dama ce? Sai mu sa na'urar ta gwada mayar da shafukan a jerinsu. Babu wanda ya taɓa yin wannan. Maƙala ta biyu ke nan. Maganar yankan kuma ka sa ta a sakin layi ɗaya, a ƙarƙashin matsalolin da bincike ya fuskanta."

Na dube shi, na dubi agogon nan nasa mai ƙirga taku, na ɗauki littafin na fita. Ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Da Pak Harun ya dawo da bandeji a ido ɗaya, na kai masa. Ya shafa gefen da babban yatsa, daga sama har ƙasa, ya rufe littafin. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya zuba mini shayi, da aka kira la'asar ya kama hannuna muka tafi masallaci.

Na'urar ta gwada jera shafukan, ta haɗa maganin kaska da hanyar rijiya. Haka na rubuta, aka ce wannan ma sakamako ne. Ranar kare kundi malamai uku suka yaba mini, ɗaya ya ce aikina ya nuna inda fannin ya dosa, kuma a nan na yarda da shi. A duk tsawon watannin nan, idan na kira gida aka kai wa Kawu waya, yakan ce, "Ummaru, littafin na lafiya?" Ni kuma in ce, "Shina nan, Kawu." Ba ƙarya na yi ba, amma na san abin da nake yi.

Na sauka Tambuwal ana tsakiyar girbin gero. Abokan aiki suka taru suna ta barka, shugaban makaranta yana cewa yanzu sai in zo in zamanantar musu da ɗakin karatu. Kwana biyu na yi ina jan ƙafa. A na uku na hau babur zuwa Kebbe, na gaida mahaifiyata, na wuce Fakku da gafakar a ɗaure a ƙirjina. Ban taɓa jin hanyar ta yi mini gajarta ba sai ranar.

Na iske Kawu a ƙarƙashin rumfa yana gyaran igiyar ɗaure maruƙa. Aka yi gaisuwa, aka kawo fura, ya tambayi ruwan ƙasar da abincinsu. Na ga ba inda zan ɓuya, na zaro baƙin littafin na ajiye a kan buzunsa.

"Wanga fa? Naka na da kar rubuta?"

"Na Malam na, Kawu."

Na gaya masa komai, har fom ɗin da akwatin da na ja wa layi. Bai katse ni ba. Ya ɗauka ya buɗe ta hagu, ya ga ba nan ba ne, ya juya ta dama. Idonsa ya yi rauni, sai ya kai shafin kusa da fuska, ya gangara da kallo zuwa kusurwar ƙasa. Ya juya wani shafin ya sake duba kusurwar. Ya yi haka kamar sau goma.

"Karanta man nan," in ji shi.

Na karanta. Maganin zawon ɗan maraƙi ne, a jiƙa sassaƙe kaza a sa kanwa, shafin ya ƙare a kan a ba shi. Na juya, na gaba ya fara da a ƙona wurin da ƙarfe mai zafi.

"Tsaya hakanan." Ya kira matarsa daga cikin gida ya ce a miƙo masa aska. Da hannunsa ya yanke zaren, ya ɓamɓare baƙin bangon ya jefar bayan rumfa, inda wata akuya ta zo tana shinshinar ruwan zinaren.

Kwana shida na yi a Fakku. Kullum bayan an fita da shanu sai mu shimfiɗa tabarma mu danne warƙoƙin da duwatsu. In karanta layin ƙarshe, shi kuma ya rufe ido ya lalubo abin da ke biye a cikin kansa, in bi tulin ina nema. Wani wurin nan take yake kawo shi, har da muryar da kakana ke karanta shi. Wani wurin sai mu yini. Mun mayar da ɗari da ashirin da uku. Goma sha tara suka rage waɗanda ya ce bai taɓa haddace su ba, don ciwon da ke cikinsu bai taɓa shigo masa garke ba.

A rana ta shida ya ware wasu daga cikin waɗanda muka jera, kusan talatin, ya haɗa su da goma sha taran nan. Na ce ai waɗannan mun gano wurinsu.

"Mun gano wurinsu, ba mu gano gyaransu ba," in ji shi. Ya nuna mini wani gefe inda rabin harafi ya rage. "Nan Malam ya rage ma'auni, na tuna ya rage, amma ban tuna ko nawa yab bari ba. Da na farkon anka kashe muna bijimi tun ina yaro. In na bar su ciki, wani bayana shi ɗauka shi ba dabba. Gara su zamna daban."

Ya naɗe su a wani tsumma. Sauran ya daidaita su a gwiwarsa, ya sa su tsakanin tsofaffin bangayen fatar, waɗanda yanzu sun yi musu yawa ta kowane gefe.

"Takardar da kat tafi nema, sun ba ka?"

"Sun ba ni, Kawu."

"To, madalla. Allah shi sa albarka."

Da gaske ya faɗa, babu gatse a ciki, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauko igiyar zai ɗaure, ta kuɓuce masa sau biyu. Na miƙa hannu in taya shi, kamar yadda na saba tun ina ɗan makaranta. Sai ya janye littafin zuwa ƙirjinsa, a hankali, bai ko dube ni ba.

"Bari, Ummaru," in ji shi. "Ni ka ɗaurewa."